Yaran da ake kawowa koyon sana'a: wa zai faɗa musu abin da zai iya illata su?

Abban_Khalifa
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema. Mu nan Kurna, da an gama girbi sai garejoji da shagunan walda su cika da sababbin yara, wasu daga Jigawa, wasu daga Katsina, wasu ma daga Nijar suka tsallako. Uba ya riƙo hannun ɗansa ya danƙa wa maigida, a shafa fatiha, shi ke nan aiki ya fara. Babu mai zaunar da yaron ya ce masa wannan yana ƙona mutum, wancan yana makanta mutum. Sai dai ya gani a jikinsa.

Mu matasan layinmu mun yi magana da shugaban wata Islamiyya, ya ce zai ara mana aji ɗaya ranar da babu karatu, mu tara yaran a riƙa wayar musu da kai. Abu biyu ne suka tsaya mana. Me za a koya musu da zai zauna a kansu, tunda yawancinsu ba su yi boko ba? Sannan ɗaya daga cikinmu ya dage sai an haɗa da maganar lafiyar ƙwaƙwalwa, saura kuma suka ce da an ji haka za a ce mun mai da 'ya'yan mutane mahaukata, ba wanda zai zo. Masu sana'a da ma'aikatan lafiya, don Allah ku sa baki.

Baba_MaiWalda
Wa alaikumus salam. Yaro, Allah ya saka da alheri, amma ba na jin akwai abin da za a koya a aji. Sana'a a hannu take. Mu da muka koya ba wanda ya yi mana lacca, ga mu nan har da jikoki. Kuma tsautsayi ba ya wuce ranarsa.

Sadiq_Panteka
Ranka ya daɗe Baba, da girmanka, amma ina da ja. Waɗanda suke nan har da jikoki su muke gani. Waɗanda suka koma ƙauye da ido ɗaya ko yatsa uku ba sa cikin zauren nan balle su ba da labarinsu.

Abban Khalifa, ni a Fanteka ta Kaduna na tashi. In da ni ne, da ido zan fara. Sabon yaro ranar farko aikinsa shi ne ya riƙe wa oga ƙarfe ana ɗinkewa. Oga yana da gilashi, yaro ba shi da shi, sai a ce masa "kau da kai". Shi kuma yana son ya ga yadda ake yi, sai ya saci kallo. A lokacin ba ya jin komai. Sai dare ya raba ya farka kamar an watsa masa yashi a ido, hawaye na zuba, ba ya iya kallon ko hasken waya. Da safe manyan yara su yi ta dariya, su ce walda ta yi masa maraba. Wani ya ce a ɗiga masa ruwan albasa, wani ya ce ruwan sukari. Wannan abin da ake dariya a kai ƙuna ce a fatar ƙwayar ido. Kuma baƙin tabarau na gayu da ake saya a bakin titi ba ya tare hasken walda, yaudarar kai ce kawai.

Nas_Hauwa
Sadiq ya faɗi gaskiya, bari in ƙara daga ɓangarenmu na asibiti. Waccan ƙunar hasken walda takan bayyana ne sa'o'i 6 zuwa 12 bayan an kalli wutar, kuma galibi takan lafa cikin kwana ɗaya ko biyu. Abin da ya fi ba mu wahala shi ne ɓurɓushin ƙarfe da ke tashi daga injin yanka ya maƙale a ido. Sai su sa tsinken ashana ko bakin allura su ce za su cire, ko a bar shi har ya yi tsatsa a ciki. Wannan na asibitin ido ne, a ranar.

Sai ƙuna. Wallahi na gaji da wanke baƙin mai daga kan ciwo. Ana kawo yaro an lafta masa baƙin man mota, ko man goge baki, ko ɗanyen ƙwai. Ba abin da ƙuna take so a mintunan farko illa ruwa mai tsabta, a yi ta kwarara shi kamar minti 20, a rufe da tsumma mai tsabta, a taho. Ruwan batir in ya fantsama a ido ma haka, ruwa da yawa tun a wurin, kafin a nemi adaidaita. In kun koya musu wannan kaɗai, zamanku bai tashi a banza ba.

Ustaz_Lawan
Baba Mai Walda, Allah ya ƙara girma. Maganar tsautsayi gaskiya ce, ba mai tsallake abin da aka rubuta masa. Amma shi Manzon Allah (SAW) da wani ya tambaye shi ko ya saki raƙuminsa ya dogara ga Allah, ce masa ya yi ya ɗaure shi sannan ya dogara. Kuma yaron da aka danƙa maka amana ce. In ka sa shi ƙarƙashin mota a kan jak kaɗai ba ka kafa mata komai ba, ta faɗo masa, ba za ka ce wa ubansa ƙaddara ce ka tsaya nan ba.

Baba_MaiWalda
Malam na ji, ban musa ba. Amma ku da kuke ta a sayi wannan a sayi wancan, kun san nawa muke samu? Wuta ba ta zuwa, man janareta ya cinye riba. Yara takwas ne a hannuna, ni nake ba su na abinci. Na taɓa sayo safar hannu da gilasai na raba musu, ba a yi wata ba wasu sun ɓace, ɗaya ma sayar da nasa ya yi. Su da kansu suke cewa takalmi zafi, sun fi son silifas.

Injiniya_Bash
Baba, wannan ƙorafin naka shi ne zahiri, kuma duk wanda zai shirya irin wannan zama ya fara jin sa. Amma mafi yawan abin da ke kashe mutane a sana'o'inmu ba kuɗi ake sa wa a kauce masa ba. Tankin mai da aka ce "babu komai a ciki" shi ya fi tashi da mutum in an kai masa wuta, domin tururin man yana nan a ciki. Janareta a cikin shago an ja ƙofa ana kwana: iskar da ke kisa a hayaƙinsa ba ta da wari ba ta da launi, mutum barci zai yi ya zarce. Cire murfin kariya na injin yankan ƙarfe don a sa faifan da ya fi shi girma. Wanda lantarki ya kama a ruga a rungume shi maimakon a kashe wutar ko a ture shi da busasshen katako. Rijiya ko ramin masai: na farko ya shiga ya faɗi, na biyu ya bi shi ceto ya faɗi, na uku ma haka, alhali iskar ƙasan ce babu kyau. Duk waɗannan ba naira ko ɗaya a ciki, sani ne kawai.

Abban Khalifa, kada ku yi musu rubutu a allo. Ku kawo fasasshen faifan injin su taɓa da hannunsu. Ku nemo wanda abin ya taɓa samu, in ya yarda, ya ba su labari da bakinsa.

Maman_Ilham
Ina ta karantawa, duk maganar maza ake yi. 'Yan matan da ake kwasowa daga ƙauye a raba su gidaje aikatau fa? Yarinya ba ta taɓa ganin tukunyar gas ba, ranar da ta zo a ce ta ɗora ruwan zafi. Ba a nuna mata cewa in ta ji warin gas kada ta kyasta ashana, kada ta taɓa makunnin lantarki, ta buɗe tagogi ta fita. Ga masu koyon ɗinki da kitso, ga matan da ke tsintar shinkafa da riɗi a kamfanoni suna shaƙar ƙura yini guda. Sannan akwai abin da ba a son faɗa: maigida ko ɗan gida ya matsa wa yarinya, ba ta san kowa a garin ba, kuɗin aikinta ma hannun dillaliya yake zuwa. Wa za ta gaya wa?

Abban_Khalifa
Hajiya, gaskiya ba mu kawo wannan a lissafi ba. Amma ta yaya za mu same su? Su ba a barin su fita.

Maman_Ilham
Ba ku za ku same su ba, mata ne za su same su. Ku yi magana da malaman Islamiyyar matan aure, su ja hankalin uwayen ɗakin.

Lauya_Mukhtar
Bari in ɗan shigo da doka, ko da yake na san za a ce a takarda kawai take. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke kula da ita, ta ce mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya, daga nan ake biyan wanda ya ji rauni ko iyalan wanda ya rasu a bakin aiki. Abin da mutane ba su sani ba, ma'aikaci a dokar nan ya haɗa da ɗan koyo, da na wucin gadi, da wanda aka ɗauka da baki babu takarda, har da mai aikin gida in ba ɗan gidan ba ne. Hajiya Maman Ilham, kin ga 'yan matanki suna ciki. Ana so wanda ya ji rauni ya sanar da maigidan aiki cikin kwana 14, shi kuma maigidan ya kai wa hukumar rahoto cikin kwana 7. Dokar ta ma ambaci diyya kan matsin ƙwaƙwalwa da aiki ya haddasa.

Dokar Ƙwadago kuma ta hana sa wanda bai kai shekara 16 ba aikin inji ko aikin ƙarƙashin ƙasa. Ku leƙa garejin da ya fi kusa da ku ku ƙirga.

Dan_Sharada
Barista ka ba ni dariya. Na yi leburanci a wani kamfanin roba. Kullum da safe muna tsaye a bakin get, a zaɓi na zaɓa, saura su koma gida. Sunanka ma ba ya cikin littafinsu, ɗan kwangila ne ya kawo ka. Wani da muke aiki tare inji ya cinye masa yatsu biyu, aka kai shi kemis aka naɗe, aka ba shi ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, washegari wani ne a kan injin. In ka ce doka, gobe ba za a zaɓe ka ba. Yaron da ya zo daga ƙauye jiya shi ne zai kai ƙara?

Lauya_Mukhtar
Shi kaɗai ba zai iya ba, na yarda. Amma wanda ya san yana da haƙƙi ko a zaman sulhu gaban mai unguwa ba a yi masa kallon mai roƙo. Kuma ku koya musu su ɗauki hoton raunin, su riƙe katin asibiti, su san sunayen waɗanda suka gani.

Zee_Dawanau
An bar tambaya ta biyu a baya, ni kuma ita ta tsayar da ni. A fannin lafiyar ƙwaƙwalwa nake aiki. Abban Khalifa, abokinka da ya dage yana da gaskiya, saura ma suna da tasu. Kada ku rubuta shi a sanarwa. Ku shigar da shi ta ƙofar da yaran suka sani: barci, kewar gida, faɗan oga, da ƙwaya.

Ku duba rayuwar yaron nan da kyau. Shekararsa 15 ko 17. Jiya yana gidansu, kowa ya san sunansa, in ya yi shiru innarsa za ta tambaye shi. Yau yana kwana a kan benci a shago, ana kiransa "kai baƙauye", in ya miƙo sifana mai lamba 12 maimakon 13 a ƙwala masa ita a ka. Daga gida kuma ana bugo waya ana tambayar abin da ya tara. Ba zai ce ya gaza ba, kunya ba za ta bar shi ya koma hannu rabbana ba. Sai barci ya ƙaurace masa, abinci ya fita ransa, ya daina shiga hira. Wanda bai yi barci ba kuma shi ake miƙa wa injin yanka da safe. Shi ya sa ni ban ga inda za a raba maganar nan biyu ba.

Abin da nake so manyan yaran shago su sani: in ɗan'uwanku ya canza, ya yi mako biyu ko fiye a haka, ba ya jin daɗin komai, yana cewa shi ba shi da amfani ko gara ya mutu ya huta, kada a ce iskanci ne ko raki. A zauna da shi a keɓe a tambaye shi kai tsaye. Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin kashe kansa, sau da yawa ma ita ke sa ya samu ya amayar da abin da ke cinsa. A kawar da fiya-fiya da makamantanta daga inda yake kwana, kada a bar shi shi kaɗai, a raka shi asibiti. Akwai Dawanau a Kano, akwai Barnawa a Kaduna, akwai Kware a Sakkwato, akwai na Maiduguri, kuma manyan asibitocin koyarwa suna da sashen.

Ustaz_Lawan
Malama Zee, ba ki ambaci addu'a ba. Da yawa abin da kuke kira ciwo mu mun ga an yi ruƙiyya an samu sauƙi.

Zee_Dawanau
Allah gafarta Malam, ban hana addu'a ba, ni ma ina yi. Marasa lafiyarmu da yawa da malaminsu da likitansu suke tafiya, ba ma faɗa. Abin da nake roƙo shi ne kada a ce a ajiye magani, kada a ɗaure mutum da mari, kada a doke shi da sunan fitar da aljani. Tun farkon 2023 ƙasar nan take da sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, kuma kare mutuncin mara lafiya na cikin abin da ta zo da shi. In liman ya faɗa a kan mumbari cewa zuwa asibitin ƙwaƙwalwa ba abin kunya ba ne, ya fi mu yi shekara muna bayani.

Sadiq_Panteka
Maganar ƙwaya da Anti Zee ta taɓo, a nan gizo ke saƙar. Ba don nishaɗi yawancin yaran nan ke farawa ba. Babban yaro ne zai ga sabo ya galabaita da dukan ƙarfe, ya miƙo masa tiramol ya ce "sha ka ji ƙarfi". Ranar kuwa zai yi aikin mutum biyu, oga ya yaba masa. Bayan wata uku in bai sha ba ko guduma ba ya iya ɗagawa. Masu fenti kuma tina, sinadarin tsinka fenti, suke shaƙa yini guda ba da niyya ba, har jiki ya saba ya fara nema.

Injiniya_Bash
Rahoton 2018 na binciken da UNODC, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ta yi da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ya ce mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a cikin shekara guda, kuma miliyan 4.6 daga ciki irin su tiramol da kodin ne. A shekarar ce ma gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. An hana, amma gajiyar da ke sa lebura ya nema tana nan inda take.

Bagobiri_na_Maradi
Ina gaishe ku daga Maraɗi. Yaranmu ne da yawa kuke magana a kansu. Abin da zan ƙara, ɗan Nijar in ya ji ciwo a Kano tsoron asibiti yake yi, yana ganin za a tambaye shi takarda ko a tsawwala masa kuɗi, sai ya ɓoye har ciwon ya ruɓe. Ku nemi shugabannin 'yan Nijar mazauna unguwarku, yaran sun fi jin maganarsu. Mu ma nan muna da namu. A Nuwamban 2021 ramin zinariya ya rufta da mutane a yankin Ɗan Isa, kusa da iyaka, aka rasa rai 18 ko fiye, kuma da 'yan Najeriya ake haƙar. Matasa ne da suka ji labarin an samu, suka taho.

Bazamfare77
Ku bar batun zinariya, mu munka ga tashin hankali. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sunka shigo. Yaran nan ba su je rami ba. Iyaye ne sunka kawo dutsen zinariya mai dalma gida ana daka ana niƙa, ƙurar ta bi ƙasa ta bi abinci. Don haka ku gaya ma masu fasa tsohon batir da masu narka dalma, kayan aiki su tsaya wurin aiki, a wanke hannu kafin a ci tuwo, kada a ɗauki jariri da rigar aiki.

Auwal_Jidda
Mu nan Saudiyya daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba an hana aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3, kuma ana cin tarar kamfani. Ba wai ba a zaluntar baƙi ba ne, ana yi, wanda bai iya Larabci ba ya fi kowa shan wuya. Amma a Kano watan Afrilu zafi na haura 40, leburan gini na kan rufin kankare da tsakar rana, wani ma da azumi a bakinsa, ba mai cewa komai.

Dan_Sharada
Auwal ka turo mana biza kawai mu huta da muhawara.

Baba_MaiWalda
Na karanta abin da yarinyar nan ta Dawanau ta rubuta har sau biyu. Akwai wani yaro da na taɓa riƙewa, hannunsa na da kyau ƙwarai, sai ya bi ya zama shiru-shiru, ya rame. Wata safiya muka zo ba shi ba kayansa. Har yau ban san inda ya yi ba.

Abban Khalifa, ga sharaɗina. In za ku yi, kada ku tara yaranmu a bayan idonmu ku cika musu kunne da haƙƙi, su dawo suna ɗaga mana kai. Ku fara kiran mu masu shaguna. In ka kira ni zan zo, har in kawo tsohon tankin da ya taɓa tashi a layinmu su gani.

Zee_Dawanau
Baba, Allah ya saka. Amma in kuna zaune a ajin babu yaron da zai buɗe baki ya ce ana dukansa ko ba ya barci. A yi naku daban, nasu daban.

Sadiq_Panteka
In an raba kuma ogogi za su ce gulmarsu ake yi, su hana yaran zuwa. Na san halin mutanenmu.

Nas_Hauwa
To a yi na ƙuna da ido da lantarki tare da kowa, daga baya a ce manya su ba da wuri za a duba lafiyar yara. Ni zan iya zuwa da ma'aunin hawan jini in ba na kan aiki, su ma iyayen gidan a auna su a waje, ba za su ji an kore su ba.

Abban_Khalifa
Na gode ƙwarai, duk na kwafe. Sai dai wata matsalar ta taso: Islamiyyar Alhamis da Juma'a ne ba ta karatu, garejoji kuma Lahadi suke hutu, masu walda wasu ma ba sa hutun sam. Baba, ku za ku iya sakin yaran ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci?

Baba_MaiWalda
In babu wuta, e. In an kawo wuta ko ni ba za ka gan ni ba.